Yaro ya faɗi bak, yana son tafiya: mi za mu ce masa?

Kowace shekara, cikin damina, ana fitar da sakamakon jarrabawar bak. Bak ita ce jarrabawar ƙarshe ta lise. Wanda ya ci ta, ƙofar jami'a ta buɗe masa. Wanda bai ci ba, sai ya komo gida.

A ranar nan, gidaje kaɗan ke guɗa a Dogon Dutsi da Tibiri. Gidajen da suka yi tsit sun fi yawa. Bayan sati biyu ko uku, yaron da ya faɗi sai ya samu mahaifinsa da dare, ya durƙusa, ya ce: "Baba, ka ba ni izini, zan tafi Abijan." Wani Legas zai ce. Wani Kwatano. Wani kuma Libiya.

To, mi uba zai ce? Ya hana, ko ya bari?

Ga ra'ayina. In tafiyar ta zama dole, a bar yaro ya tafi. Amma a yanke ranar dawowa tun bai ɗauki jakarsa ba. A san wurin wanda zai sauka. A san abin da zai koyo. Shekara guda ce za a ara, a kuma maido ta. In ba a yi haka ba, shekara guda sai ta zama goma.

Ba ɗanka kaɗai ya faɗi ba

Mu fara da gaskiyar lissafi. A ƙasarmu Nijar, a shekarun 2021, 2022 da 2023, cikin ɗalibai goma da suka zauna bak, waɗanda suka ci ba su kai uku ba. Ke nan sama da bakwai sun komo gida hannu banza. Za a ce duk bakwai ɗin nan daƙiƙai ne? Ko kusa.

Dalilan faɗuwa suna da yawa. Wani aji babu isassun malamai. Wata shekara yajin aiki ya cinye watanni. Yaron da ya fito daga Dogon Kiriya ko Sukukutan yana zaune gidan wani a birni, wata rana da abincin dare, wata rana babu. Littafi guda, yara biyar ke karɓa-karɓa. Ga jarrabawar da Faransanci, harshen da ba a ji a gida. Ana bukatar maki 10 bisa 20. Wani maki ɗaya tak ya rage masa.

Yanzu mu ƙidaya shekarun da ya yi. Firamare shekara 6. Kwaleji shekara 4. Lise shekara 3. Jimla shekara 13, in bai maimaita aji ba ko sau ɗaya. Shekara 13 uwa tana daka masa fura da asuba. Shekara 13 uba yana saida wake da awaki domin kaye da biro. Manomin da ya yi noma, ya yi maimai, hatsi ya fidda kai, ba ya barin gona saboda ruwa ya yi fashin sati guda. Yana jira. Karatun yaron ga ma haka yake. Saura ƙiris a yi girbi.

Saboda haka, uba, kada kalmar farko da za ta fito bakinka ta zama zagi. Yaron da aka kunyata gaban ƙannensa, shi ne ke fita da dare ba sallama. Wanda ya fita ba sallama kuwa, kunya ke hana shi dawowa.

Tafiya gadonmu ce

Babu Ba'are da zai ce bai san tafiya ba. Tun kafin zuwan Nasara, fataken Hausa ke bin hanyar Gwanja, suna kai kanwa da tufa, suna ɗauko goro. Zamanin Nasara, samari sun yi ta gangarawa Kurmi domin neman kuɗɗin haraji da na aure. Har yau akwai zangon Hausawa a Kumasi da Akara. Ga kuma Najeriya dab da mu. Mutanen Kangiwa, cikin jihar Kabi, Arawa ne kamarmu. Iyaka ce ta raba mu, jini ɗaya ne.

Abin da muke kira cin rani yana da tsari. Sai an yi girbi, an ɗaure damma, an cika rumbu, sannan saurayi ya fita. Ya yi ga-ruwa, ko dako, ko tallar shayi, ko gadi. Da iskar bazara ta fara busawa, hankalinsa ya koma gida. Ya sayi turmin atamfa na uwa, da rediyo, da ɗan gishiri da sukari, ya hau mota. Ruwan shuka ya iske shi bisa gonarsa.

Ku duba da kyau. Wa ke kiran ɗan cin rani gida? Ruwan sama. Ba ya bukatar wasiƙa. Gona tana jiransa, kuma ya san in ya makara, gidansu zai kwana da yunwa.

Ɗan lakkwal da ya faɗi bak fa, wa zai kira shi? Ya daɗe da sakin hauya. Aji kuma ya rufe masa ƙofa. Babu abin da ke jiransa da rana tsayayya. Nan ne haɗarin yake. Shi ya sa na ce mu ne za mu yi masa tasa damina. Daminarsa ita ce jarrabawar baɗi.

Turawa ma suna yi, amma da shiri

A Ingila da Amurka akwai al'ada irin wannan. Yaro ya gama sakandare, sai ya ɗauki shekara guda bai shiga jami'a ba. Ya tafi wata ƙasa, ya yi aiki, ya koyi harshe, ya ga duniya. Wasu sun ci jarrabawa ne suka ɗaga shiga. Wasu makinsu ne bai kai ba, suna shirin sake zama.

Yarima Wiliyam na Ingila ya yi haka a shekarar 2000. Ya je ƙasar Cile ya yi aikin sa kai, sannan ya shiga jami'a a 2001. Maliya, ɗiyar tsohon shugaban Amurka Barak Obama, ta gama sakandare a 2016, ta shiga jami'ar Habad a 2017.

Kada wannan ya ruɗe mu. Waɗannan ɗiyan manya ne. Kujerarsu ta jami'a tana aje tun kafin su fita. Tikitin dawowa yana cikin aljihu. In sun yi rashin lafiya, akwai mai biyan likita. Namu yaron kuwa, da kuɗɗin akuyar uwarsa zai hau mota.

Amma akwai abu guda da za mu iya ɗauka daga gare su, kuma kyauta ne. Sun san ranar fita, sun san ranar komawa aji. Kakanninmu ƴan cin rani ma haka suke yi. Ashe ba baƙon abu ba ne.

Ƙasar wani ba ta da tabbas

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Gaskiya ne. Sun kuma ce baƙo raɓa ne. Wannan ma gaskiya ne. Bari mu tuna abin da ya samu ƴan uwanmu.

A 1969 gwamnatin Gana ta kori baƙin da ba su da takardu. Mutanenmu da suka yi shekaru can sun bar shaguna da gidaje. A farkon 1983 Najeriya ta yi irin wannan kora, ta sake yi a 1985. A 2002 yaƙi ya ɓarke a Kodibuwa, baƙi suka sha wuya. A 2011 Libiya ta rikice, dubban ƴan Nijar suka komo, da yawa daga su sai rigar wuyansu.

Hanyar hamada ta fi kowace muni. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da yara. Tun ƙarshen 2014 Aljeriya ta shiga maido ƴan Nijar da manyan motoci. An sha sauke wasu baƙi cikin rairayi, su taka wajen kilomita 15 da ƙafa kafin su iso Asamaka. A 2017 duniya ta ga hotunan yadda ake cinikin baƙaƙen fata a Libiya kamar dabbobi.

Ko iyakar da ke kusa da mu ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan canjin mulki na 26 ga Yuli 2023 an sake rufewa, sai a Maris 2024 aka buɗe tsakaninmu da Najeriya. A Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar CEDEAO. Dokokin tafiya suna canzawa. Wanda zai fita, ya tambayi hukuma takardun da ake bukata a lokacin. Kada ya dogara da labarin tasha.

Kuɗɗi ma suna canzawa. Dattawa sun tuna da Janairu 1994, ranar da aka karya darajar sefa da rabi. Naira kuma ta faɗi ƙwarai daga tsakiyar 2023. Yaro ya yi wata shida yana tara naira, ya zo canji, ya ga abin bai taka kara ya karya ba.

Ban kawo wannan domin in tsorata kowa ba. Na kawo ne domin mu bambanta tafiya da tafiya. Zuwa Sakkwato wurin kawu daban. Bin ɗan sumoga cikin Tenere daban. Ta farko ana iya shawara a kanta. Ta biyu, ni dai ban ga uban da ya kamata ya sa mata albarka ba. Babu jarrabawar da ta kai ran ɗa.

Sharuɗɗa huɗu kafin a sa albarka

In an zauna an ga tafiyar ce mafita, to ga abin da nake ganin ya kamata a ɗaure da shi. A yi maganar gaban uwa, da kawu, da malamin unguwa in zai yiwu. A rubuta bisa takarda. Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku rubuta da hannunku.

Na ɗaya, ranar dawowa. Yaro ya tsaya ya taya aikin gona har girbi. Ya fita a Oktoba ko Nuwamba. Ya komo a Maris. Wata biyar ko shida ke nan. Sauran watannin na bita ne, shi da littattafansa da abokan da za su sake zama. Wanda ba ya cikin aji yana da damar zama bak da kansa. Shi ake kira kandida libir. Amma ana rubuta suna watanni da dama kafin jarrabawa. In lokacin ya wuce, shekara ta tafi. Don haka, kafin ya fita, ya haɗa takardar haihuwa, da hotuna, da takardar birwe, da kuɗɗin rajista. Ya bar su hannun wani mai kula. Wannan mutum ya riƙa sauraren rediyo, ya riƙa leƙawa lise yana tambaya. Da an buɗe rajista, ya kai. Yaron da ya san sunansa yana cikin takarda, kuma an biya masa, ƙafarsa ba ta nauyin dawowa.

Na biyu, mai masauki. Wurin wa zai sauka? Mun san shi? Mun san sana'arsa? An yi magana da shi ta salula, ya ce ya karɓa? "Abokina yana can" ba amsa ba ce. A nemi babban mutum mai iyali, wanda zai ji kunyarmu. Shi zai tashe shi sallar asuba. Shi zai ga irin abokan da yake bi. Shi kuma zai ce masa: "Maris ta yi, tashi ka tafi gida." A birane akwai masu ba samari ƙwaya domin su jure aiki. A dajin iyaka akwai ƴan bindiga masu farautar samarin da ba su da abin yi. Yaron da ba shi da babba a kansa, shi ne namansu.

Na uku, abin da zai koyo. Kuɗɗi suna ƙarewa. Abin da ya shiga kai da hannu ba ya ƙarewa. Yaron da ya kai ajin ƙarshe na lise ya iya lissafi, ya iya karanta takardar inji. Asara ce ya yi wata shida yana tura baro kawai. Ya shiga wurin mai gyaran salula, ko mai walda, ko mai haɗa faifan hasken rana, ko mai gyaran injin ban ruwa. Duk waɗannan ana nemansu a Matankari da Gesheme da Ɗankasari. In Najeriya ko Gana ya je, ya buɗe kunne ya koyi Ingilishi. Ingilishi yana cikin jarrabawar bak. Kuma dokar ƙasa da aka kafa a Maris 2025 ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi su ne harsunan aiki. Wanda ya riƙe ukun nan, ya riƙe abin cin abinci.

Na huɗu, takardu da ajiya. Ya tafi da katin ɗan ƙasa da katin allurar rigakafi. Takardun lakkwal na asali su zauna gida cikin akwati, ya ɗauki fotokofi. Ya ɗauki littafi biyu ko uku na darussan da suka kada shi. Kuɗɗin motar dawowa a ware su tun ranar farko, kada a taɓa. Abin da ya samu kuma kada ya tara a aljihu. Ya riƙa aikowa gida ta kamfanonin aika kuɗɗi ko ta hannun amintacce.

Mu yi ɗan lissafi, misali kawai. A ce yaro yana aje jaka biyu kowane sati. Wata shida sati 26 ne. 26 sau 2, jaka 52. Ba dukiya ba ce. Amma za ta sayi littattafai, da fitila mai aiki da rana, ta biya malamin bita. Ku kuma iyaye, ku ji tsoron Allah. Kuɗɗin nan na karatu ne. Kada a kai su biki. Kada a riƙa buga masa waya kullum ana cewa "aiko, aiko". Yaron da aka maida shi rumbun gida, ba zai sake ganin allo ba.

Masu cewa a hana, da masu cewa a bari

Wani zai ce: "Malam, duk wannan dogon zance ne. A hana shi kawai, ya zauna ya maimaita aji." In akwai wuri a lise, kuma gida zai iya ɗaukar nauyi, ni ma haka na fi so. Zama aji ya fi karatu a ɗakin haya bayan aikin yini. Amma ba kowa ake ba damar maimaitawa ba. Lise mai zaman kanta kuma sai da kuɗɗi. Saurayi mai shekara 20 da ke zaune bakin titi, ba aji, ba aiki, yana shan shayi daga safe har dare, shi ma cikin haɗari yake. In aka hana shi da ƙarfi, zai gudu. Gara tafiyar da aka yi da shawara da wadda aka yi a ɓoye.

Wani kuma zai ce: "Karatun mi? Ga masu digiri nan suna yawo ba aiki. Ɗan wane bai yi lakkwal ba, ya je Abijan, ya gina gidan siminti." Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Akwai masu digiri da ba su da aiki. Amma muna ganin gidan wanda ya samu ne kawai. Wanda bai samu ba, ba ya gina komi da za mu gani. Ku ƙidaya a garinku: samari nawa suka tafi cikin shekara goma? Nawa suka gina gida? Nawa suka komo da ciwo? Nawa ne ko labarinsu ba a ji? Ku yi ƙidayar da kanku, za ku ga amsa.

Sannan takarda ba ta ruɓewa. Gwamnatin wata ƙasa tana iya korarka, ta riƙe shagonka. Ba ta iya riƙe abin da ka karanta. Likitan da ke duba matanmu, da malamin gona, da mushen da ke koya wa ɗiyanmu, in ba namu suka zama ba, daga ina za su fito?

Ɗiya mace fa?

Kullum in ana zancen ga, ɗa namiji ake nufi. To, ɗiya macen da ta faɗi bak fa? Ita ba a cewa ta tafi cin rani. Cewa ake: "Karatu ya ƙi, sai aure." Wani lokaci kuma a tura ta aikatau gidan da ba a sani ba, a Yamai ko ƙetaren iyaka.

Binciken da aka yi a 2012 ya nuna cewa cikin mata huɗu a Nijar, uku an yi masu aure kafin su cika shekara 18. Yarinyar da ta kai ajin ƙarshe na lise ta tsallake ramuka da yawa. Irinta ba su da yawa a ƙauyukanmu. Kada a yar da ita saboda faɗuwa ɗaya. A ba ta shekara guda kamar yadda za a ba ɗan uwanta. A rage mata daka da ɗibar ruwa cikin watannin bita. In an riga an yi mata miji, a sa sharaɗin jarrabawa cikin maganar aure. Mace mai aure tana iya zama bak. Kowa ya san yadda matanmu suka fi sakin jiki in ungozomar asibiti mace ce mai jin harshensu. Ƙasar da ta haifi Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya gaban sojan Faransa a 1899, bai dace ta rena ɗiya mace ba.

Ƙofofin da ke kusa da gida

Kafin a hau mota, a duba abin da ke kusa. Da can jami'a guda ce a ƙasar nan, ta Yamai. An fara ta a 1971, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Akwai kuma jami'ar Musulunci ta Sayi tun 1986. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram. A 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Tilaberi da tamu ta Doso. Wanda ya ci bak baɗi, yana da wurin zuwa fiye da yadda iyayensa suka samu.

Wanda kuma ya ga bak ta gagara, takardar birwe da ke hannunsa ba banza ba ce. Akwai makarantar aikin gona da kiwo ta Kollo. Akwai makarantun aikin lafiya. Akwai cibiyoyin koyon sana'a a cikin kwaminoni, inda ake koyon ɗinki, walda, kafinta da kanikanci. A je a tambayi sharuɗɗan shiga na wannan shekara.

Ga kuma ƙasa. Muna zaune cikin Dallol Mawri, inda ruwa ba ya da nisa a wurare da dama. Dankalin turawa na Dogon Dutsi ya yi suna har Yamai. Noman rani yana farawa daidai lokacin da samari ke fita cin rani. Yaro mai ilimi zai iya riƙe littafin ƙungiyar manoma, ya auna taki, ya lissafa riba. Da rana yana garka, da dare yana bita, yana kwana ɗakin uwarsa. Wannan ma shekara ce mai albarka, ba kuɗɗin mota, ba ɗan sanda bisa hanya.

Kalma ta ƙarshe ga iyaye

Ku da ke karanta wannan takarda, yawancinku da furfura ko da goyo kuka zo ajin yaƙi da jahilci. Wasu sun yi maku dariya. Kun daure. Yau ga shi kuna karatu da kanku. To, wa ya fi ku sanin cewa karatu ba ya tsufa?

In ɗanku ya zo da dare yana neman izini, kada ku yi saurin cewa i, kada ku yi saurin cewa a'a. Ku ce ya zauna. Ku ɗauko takarda da biro. Ku tambaye shi: Ina za ka? Wurin wa? Mi za ka koyo? Yaushe za ka komo? In ya amsa huɗun nan, ku rubuta, ku sa masa albarka. In ya kasa amsawa, tafiyar ba ta nuna ba tukuna. Ya jira bayan girbi, a sake zama.

Allah ya shirya mana zuriya. Allah ya kai matafiya lafiya, ya maido su lafiya.

Tambayoyi domin tattaunawa cikin aji

1. Shekara nawa yaro ke yi daga firamare zuwa bak?
2. Mi ke kiran ɗan cin rani gida? Mi zai kira ɗan lakkwal?
3. Ku faɗi sharuɗɗa huɗu da aka kawo. Wanne ya fi wuyar cikawa a garinku?
4. In yaro yana aje jaka uku kowane sati, nawa zai tara cikin sati 20?
5. A garinku, mi ake yi wa ɗiya macen da ta faɗi jarrabawa? Kun yarda da haka?